Shin fassarar da hukuma ta yi wa doka ita ma doka ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibin shari'a ne, ina aji uku. A darasin dokar gudanar da mulki malaminmu ya ambaci cewa Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wata ƙa'ida mai suna Chevron a 2024, amma bai tsaya a kanta ba. Abin da nake so in gane shi ne, in hukumar gwamnati ta ce ga ma'anar wani sashe na doka, maganarta tana da ƙarfin doka? Dole ne alƙali ya bi ta? Mu a Najeriya fa, yaya abin yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka taɓo babban gida.

Bari mu fara da abin da ka sani tun kana makarantar Islamiyya. Akwai fatawa, akwai hukunci. Malami zai ba ka fatawa, ka ɗauka saboda ka yarda da iliminsa da hujjarsa, amma ba ta ɗaure kowa. Alƙali kuwa in ya yanke, ko ka so ko ka ƙi, an gama. To duk rigimar da Amurkawa suka shafe shekara tamanin suna yi a kan wannan batu ba ta wuce wannan ba: fassarar hukuma fatawa ce da alƙali zai saurara ya auna, ko kuwa magana ce da dole ya sa wa hannu?

Abin da ya sa tambayar take tasowa shi ne, babu majalisar da ke rubuta dokar da ba ta da giɓi. 'Yan majalisa su rubuta "sanarwa isasshiya", ko "gurɓata iska", ko "lokacin aiki", su tashi. Wani lokaci ba su hango matsalar ba. Wani lokaci sun hango, sun kasa daidaitawa a tsakaninsu, sai su bar kalmar da baki biyu don kowa ya koma mazaɓarsa ya ce shi ya ci. Hukumar da aka damƙa wa aiwatar da dokar ba ta da damar jira. Washegari mutane za su zo neman lasisi, dole ta ce ga abin da kalmar take nufi. Saboda haka kowace hukuma tana fassara doka kullum, tun kafin wani alƙali ya ji labari. Wannan ba laifi ba ne, aikinta ke nan. Magana tana farawa ne ran da wani ya ce bai yarda ba, ya tafi kotu.

Amsar farko da Amurka ta bayar ta fito ne daga wata mayanka a garin Fort Worth na jihar Texas. Ma'aikata bakwai na kamfanin Swift, ban da aikinsu na rana, suna kwana a ɗakin 'yan kwana-kwana na masana'antar dare uku zuwa huɗu a mako, ko da wuta za ta tashi. Yawanci ba abin da ke faruwa, suna barci ko suna wasa, ana biyan su 'yan sulalla ne kawai in ƙararrawa ta kaɗa. Suka ce wannan zaman jira aiki ne, a biya su kuɗin ƙarin lokaci bisa dokar ƙwadago ta 1938. Jami'in da ke kula da dokar ya riga ya fitar da takardar bayani a kan irin wannan zama. A 1944, a shari'ar da ake kira Skidmore, Mai Shari'a Robert Jackson ya ce takardar jami'in ba ta ɗaure kotu, amma ba a watsar da ita, domin ta fito daga wanda ya ga irin wannan rigima da yawa. Nauyinta ya danganta da zurfin binciken da aka yi, da ingancin hujja, da ko hukumar ta tsaya a kan magana ɗaya jiya da yau. Wato tana da ikon gamsarwa, ba ta da ikon tilastawa. Fatawa ke nan. Bayan shekara biyu, a 1946, majalisa ta kafa dokar tsarin aikin hukumomi, kuma sashe na 706 ya ce kotun da ke duba aikin hukuma ita za ta yanke duk wata tambaya ta doka. Riƙe wannan sashe, za mu dawo kansa.

Sai Chevron, shari'ar da ta ɗauki sunan wani kamfanin mai da ke cikinta. Dokar tsaftar iska da aka yi wa gyara a 1977 ta ce a yankunan da iskarsu ta riga ta lalace, duk wanda zai gina ko ya gyara wani babban "tushen gurɓata na dindindin" sai ya nemi izini mai tsauraran sharuɗɗa. To mene ne tushe? Kowane bututun hayaƙi shi kaɗai, ko masana'antar gaba ɗayanta? Dokar ba ta faɗa ba. A 1981 hukumar kare muhalli ta zamanin Shugaba Reagan ta ce a ɗauka an kifa wa masana'antar ƙwarya ɗaya: in ka ƙara hayaƙi a wannan bututu ka rage a wancan, jimilla ba ta ƙaru ba, ba ka buƙatar sabon izini. Masu kare muhalli suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. A watan Yunin 1984 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, alƙalai shida da suka zauna duk bakinsu ɗaya, Mai Shari'a John Paul Stevens ya rubuta.

Ya ce alƙali ya yi wa kansa tambaya biyu. Ta farko, majalisa ta faɗi magana ƙarara a kan wannan gaɓa? In ta faɗa, shi ke nan, hukuma da kotu duk su bi. In kuwa dokar ta yi shiru ko ta yi baki biyu, tambaya ta biyu ita ce, fassarar hukuma tana cikin abin da hankali zai ɗauka? In tana ciki, alƙali ya bi ta, ko da shi da kansa yana ganin akwai fassarar da ta fi ta. Wannan "ko da" shi ne dukan Chevron. Hujjar ita ce cike giɓin doka zaɓin manufa ne, alƙalai ba ƙwararru ba ne a fannin, kuma ba wanda ya zaɓe su, alhali hukuma tana ƙarƙashin shugaban da jama'a za su iya kayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin dariya a tarihin nan, wadda ke shugabantar hukumar muhalli lokacin da aka yi fassarar ƙwarya ita ce Anne Gorsuch. Ɗanta Neil Gorsuch ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙin Chevron. Wadda ta rubuta hukuncin kotun ɗaukaka ƙara da aka juya kuwa Ruth Bader Ginsburg ce, wadda ita ma daga baya ta zama alƙaliyar Kotun Ƙoli. A farko masu ra'ayin riƙau ne suka rungumi ƙa'idar, Mai Shari'a Antonin Scalia na gaba-gaba, domin tana kare hukumomin Reagan daga alƙalan da suke ganin sun cika shisshigi. Da mulki ya juya, hukumomi suka koma hannun abokan hamayya, sai ƙa'idar ta fara yi musu ɗaci. Na faɗi wannan ne don kada ka ɗauka muhawarar ilimi ce tsagwaronta. Kowa yana duba wa ke riƙe da hukuma, wa ke riƙe da kotu.

Tun kafin a rushe ta an yi ta yi mata ƙwaskwarima. Wadda ta fi amfani gare ka ita ce shari'ar Mead ta 2001. Kamfani ne ke shigo da littattafan tsara ayyukan yini, shekara da shekaru ba a karɓar masa haraji, rana ɗaya kwastam ta aiko da wasiƙa ta sauya musu rukuni, ta ɗora kashi 4 cikin ɗari. Kotu ta ce irin wannan wasiƙa ba ta cancanci Chevron ba. Ofisoshi 46 ne ke fitar da irinta, dubu 10 zuwa dubu 15 a shekara, ba zai yiwu a ce kowace doka ce ba. Wanda ya cancanta shi ne abin da hukuma ta yi da ikon da majalisa ta miƙa mata na kafa ƙa'ida mai ƙarfin doka, galibi bayan ta sanar da jama'a ta saurari ra'ayinsu. Sauran, wasiƙu da littattafan jagora da takardun bayani, sun koma ma'aunin Skidmore. Darasin shi ne, kafin ka tambayi abin da hukuma ta ce, tambayi a wace irin takarda ta faɗa, da wane iko.

A ɗaya ɓangaren kuma an ja ƙa'idar har ta kai inda ni kaina nake ganin ta wuce gona da iri. A 2005, a shari'ar Brand X, kotu ta ce in doka tana da baki biyu, hukuma tana iya zuwa daga baya da fassarar da ta saɓa wa wadda kotu ta riga ta yi, kuma a bi ta hukumar. Dubi abin da ya biyo baya a kan dokar sadarwa. Hukumar sadarwa ta ce intanet mai sauri ya faɗa wannan rukuni a 2015, ta ce a'a wancan ne a 2017, ta sake dawowa a 2024. Harafi ɗaya bai sauya a dokar ba, masu mulki ne suka sauya. Ɗan kasuwar da zai zuba jari na shekara ashirin, wace ma'ana zai riƙe?

Masunta ne suka kawo ƙarshenta. Dokar kamun kifi ta 1976 ta yarda a sa jami'an sa ido a cikin jiragen masunta. A wasu wurare da ta lissafa ta ce masuntan ne za su biya su, amma ba ta faɗi haka ba game da masu kamun wani ɗan kifin teku da ake kira herin a tekun Atilantika. A 2020 hukumar kula da kamun kifi ta ce su ma su biya, kuɗin da zai iya kai dala 710 a yini, kuma ita da kanta ta ƙiyasta zai iya cinye har kashi 20 cikin ɗari na abin da jirgi ke samu. Ka ɗauki mai gadinka a jirginka, ka kuma biya shi. Kamfanonin masunta na jihohin New Jersey da Rhode Island suka kai ƙara, kotunan ƙasa suka dogara da Chevron suka ba hukuma gaskiya. Ranar 28 ga Yunin 2024, a shari'ar Loper Bright, Babban Joji John Roberts da alƙalai biyar suka ce an soke Chevron.

Hujjarsa ta tsaya a kan sashe na 706 ɗin nan da na ce ka riƙe, da kuma tsohuwar maganar da Kotun Ƙoli ta yi a shari'ar Marbury ta 1803 cewa faɗin abin da doka take nufi aikin kotu ne. Ya ce shirun doka ba miƙa iko ba ne. Kowace doka, komai duhunta, tana da ma'ana ɗaya da ta fi sauran, kuma nemo ta shi ne sana'ar alƙali. Mai Shari'a Elena Kagan ta rubuta ra'ayin waɗanda ba su yarda ba, kuma misalanta suna da cizo. Yaushe wani sinadari yake zama furotin a dokar magunguna? Kuregen wani yanki na jihar Washington jinsi ne "na daban" da sauran 'yan uwansa, har a ba shi kariya? Jiragen sama nawa za su ratsa sararin Grand Canyon, wani katafaren kwazazzabo da gwamnati ta keɓe, kafin a ce ba a maido da "shirun asali" ba? Ta ce waɗannan ba tambayoyin da ƙamus zai amsa ba ne, kuma an ambaci Chevron a hukunci sama da dubu 18 na kotunan tarayya.

Ka kula da abin da hukuncin bai yi ba, domin a nan ɗalibai ke faɗuwa. Bai ce a daina sauraron hukuma ba, Skidmore tana nan. Bai taɓa ikon hukuma na tantance hujjojin zahiri ba. Bai hana majalisa miƙa iko ba: in doka ta ce a fili hukuma ce za ta ayyana ma'anar kalma, ko ta ce hukuma ta yi abin da ta ga ya dace, aikin alƙali shi ne ya gano iyakar gonar ya tabbatar ba a tsallake ta ba. Sannan ya ce tsofaffin hukunce-hukuncen da aka yi da Chevron ba su rushe don wannan kawai ba. Amma tasirinsa ya bayyana da wuri. A Janairun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokokin intanet na 2024 da na ambata, ta ce yanzu ita ke faɗin ma'ana.

In ka tambayi ra'ayina, Roberts ya fi hujja a rubutun doka, Kagan ta fi sanin yadda gwamnati ke aiki. Ba ka ba wanda zai ci ka tara ikon faɗin ma'anar dokar da zai ci tarar da ita, wannan ba wa kura ajiyar nama ne. Amma cewa kowace doka tana da ma'ana ɗaya tak a binne, sai dai a tono, ban yarda ba. Na karanta sassa da yawa da na tabbata masu rubuta su ba su taɓa tunanin tambayar ba. A irin wannan wuri wani zai yi zaɓi ko ana so ko ba a so. Da hukuma ce ke yi, yanzu alƙali ne, kuma alƙalin tarayya a Amurka ba a zaɓensa, ba a sauke shi don ya yi kuskuren fassara.

To mu dawo gida. Najeriya ba ta taɓa samun Chevron ba, don haka ba abin da za ta soke. Mun gaji tsarin Ingila, inda kuskuren hukuma a kan ma'anar doka kuskure ne da kotu ke gyarawa. Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisa yin doka a sashe na 4, ya ba ɓangaren zartarwa aiwatarwa a sashe na 5, ya ba kotuna ikon shari'a a sashe na 6. Abin da hukuma ke fitarwa a wurinmu iri biyu ne, kuma jama'a suna cakuɗa su. Akwai ƙa'idojin da wata doka ta ba ta izini ƙarara ta kafa. Waɗannan suna da ƙarfin doka, suna ɗaure ka, matuƙar ba su fita daga da'irar uwar dokar ba. Akwai kuma takardun sanarwa da na bayani, abin da ma'aikata ke kira sakula. In ba wata doka ce ta ba su ƙarfi ba, waɗannan ra'ayin hukuma ne kawai. A shari'o'in haraji kotunanmu sun sha faɗin haka: takardar bayanin hukumar haraji ba ta ƙirƙirar harajin da doka ba ta ɗora ba, ba ta kuma yafe wanda doka ta ɗora.

Misali biyu da ka gani da idonka. Na farko, na'urar tantance masu zaɓe ta 2015. INEC ta sa ta cikin jagororinta ta ce dole a yi amfani da ita. Kotun zaɓe da kotun ɗaukaka ƙara suka soke zaɓen gwamnan Ribas, kuma rashin bin wannan umarni yana cikin manyan dalilai. A Janairun 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Nyesom Wike, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta rubuta babban hukuncin. Ta yaba wa na'urar, amma ta ce jagorar INEC ba za ta hau kan Dokar Zaɓe ba, wadda ta tanadi tantancewa da rajistar masu zaɓe. Hukuma ce da tsarin mulki ya kafa, ƙwararriya a fanninta, da kyakkyawar niyya, duk da haka maganarta ba ta zama doka ba. Sai da majalisa ta shigar da na'urar cikin Dokar Zaɓe ta 2022 sannan ta samu gindin zama.

Na biyu ya fi kusa da tambayarka, domin a kan kalma mai baki biyu ne. Sashe na 20(3) na Dokar Babban Banki ta 2007 ya ce bankin yana iya janye takardun kuɗi bisa umarnin Shugaban Ƙasa, bayan ya ba da sanarwa isasshiya. Kwana nawa ne isasshiya? Dokar ba ta faɗa ba. An sanar da sauya naira a ƙarshen Oktoban 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ka tuna layin banki da yadda aka riƙa sayen naira da naira. Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara, wasu jihohi suka biyo. Ranar 3 ga Maris 2023 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka ce ba a ba da sanarwar da sashen ke nufi ba, tsofaffin 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Da a ƙarƙashin Chevron ake, lauyan gwamnati zai miƙe ya ce kalmar ba ta da ma'ana ɗaya, wata uku ba hauka ba ne, a bi Babban Banki. Alƙalanmu ba su tsaya neman wannan ba, sun auna da kansu.

Amma kada ka fita da wannan ka ce wa wanda ya zo neman shawara ya yi watsi da sakula. A takarda fatawa ce, a aikace ita ke riƙe da kwantenarka a tashar jirgi, ita ke rufe asusunka, ita ke hana ka lasisi. Matakin hukuma yana tsaye har sai kotu ta ture shi, kuma kai za ka ɗauki nauyin zuwa. Shari'a a nan tana iya cin shekaru, kayan da aka riƙe ba sa jira. Don haka in aka kawo maka irin wannan takarda, fara da neman sashen dokar da ta ce ta dogara da shi, ka karanta da kanka. Duba ko sashen ya ba da ikon kafa ƙa'ida ko kuwa ikon aiwatarwa kawai, ko wanda ya sa hannu shi doka ta ambata, ko an bi matakan da aka gindaya kamar bugawa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Nemi abin da hukumar ta faɗa a baya, domin in ta yi amai ta lashe, maganarta ta rage nauyi ko a gaban wane alƙali. Sannan ka kula da lokaci. Ƙarar jami'an gwamnati da ƙorafin haraji suna da gajeren wa'adi, kuma wasu hukumomin sai ka ba su sanarwa kafin ka kai su kotu. Na ga mai gaskiya ya rasa shari'a ba don fassararsa ta gaza ba, sai don ya yi ta rubuta wasiƙun roƙo har wa'adi ya wuce.

Ka kuma sani cewa a ce alƙali ne ke faɗin ma'ana ba ya nufin zai faɗi wadda kake so. Kotun Ƙolin Amurka ba ta ce masunta sun yi gaskiya a kan kuɗin masu sa ido ba, ta mayar da shari'ar ƙasa ne a sake dubawa ba tare da Chevron ba. A 2025 alƙalin tarayya a Rhode Island ya karanta dokar 1976 da idonsa, ba tare da jingina da kowa ba, ya ce ta ba hukuma ikon sa su biya.